Taurari Ashirin da Uku a Littafin Malam

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Wasiƙar mujalla ta zo. A tsaye na karanta ta sau huɗu, ko jakata ban ajiye ba.

Ba su ƙi takardar bincikenmu ba, ba su kuma karɓa ba. Mai tantancewa ya ce ya ɗauki jerin taurarinmu ya gwada da sabon awon da aka samu daga tauraron ɗan adam, sai ya tarar da guda ashirin da uku da muka ce suna da abokin tafiya, babu ko alamar aboki tare da su. Ya jera lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa ya ce, cikin ladabin nan da ya fi zagi ciwo, yana roƙon marubuta su bayyana inda alƙaluman suka fito. Edita ya tura kwafi ga shugaban sashenmu.

Bari in rubuta abin yadda yake, ko hankalina ya dawo jikina. Shekara huɗu ke nan ina kan tambaya ɗaya: cikin taurari masu kama da ranarmu, nawa ne ke tafiya su kaɗai kamar ita, nawa ne ke da wani tauraro da suke zagaya juna? Mun ɗauki ɗari huɗu da goma sha biyu da suka fi kusa da mu. Wasu ana ganin abokin a hoto, ɗan ɗigo a gefe. Wasu ba a ganinsa, sai dai tauraron ya riƙa rangaji, ya matso ya ja baya saboda wani abu na jansa, haskensa ne kuma ke tona asirin. Hotuna aikina ne. Rangaji aikin Malam ne, mai kula da bincikena, shi ke aunawa ya rubuta da hannunsa a littattafansa masu koren bango, ni kuma in shigar a kwamfuta. Mun samu ɗari biyu da goma sha biyu. Sun ɗara rabi kaɗan. Shekara talatin Malam yana cewa sun fi rabi, ana yi masa musu a taruka.

In aka cire ashirin da uku, saura ɗari da tamanin da tara. Ba su kai rabi ba.

Ban kira shi ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 7:05 na safe

Maigida ya dawo daga asibiti da rigarsa ta aikin jinya, ya ce, “Dakta, shayinki ya huce.” Tun ranar da na yi rajistar digirin digirgir yake kirana Dakta don tsokana. Na ce yau kada ya kira ni haka. Ya dube ni, ya ɗauki kofin ya je ya sake ɗumamawa. 'Yarmu Auta ta ƙi saka safa. Na yi mata tsawar da ta fi ƙarfin safa.

Talata, ƙarfe 1:30 na rana

Shugaban sashe ya aiko a kira ni. Bai ce in zauna ba sai da ya gama sa hannu a takardu uku.

Ya ce, “Sunanki ne na farko a kan takardar.”

Na ce haka ne.

“Ke kika shigar da alƙaluman?”

“Ni ce, ranka ya daɗe.”

“Kin san yadda mutanen waje za su kalli abin? Lissafi ya zo ƙasa da rabi, ɗaliba tana son faranta wa malaminta, sai ga ashirin da uku sun faɗo daga sama sun cike gurbi.”

Na ce daga littattafan awo na kwafa. Ya ɗaga hannu.

“Malam ne ya koyar da ni. Shekara arba'in ba a taɓa kama shi da kuskuren ɗigo ɗaya ba. Ki je ki nemo inda hannunki ya zame. In zamewa ce, da sauƙi. Na riga na sanar da shi da safen nan, ya ce zai duba.”

Za a kafa kwamitin mutum uku, za su zauna ranar ashirin. An dakatar da ranar kare kundina sai sun gama.

Da zan fito na murɗa hannun ƙofar ta wajen da ba ya buɗewa. Sai da sakatariya ta taso ta buɗe mini.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Tun safe nake ɗakin ajiya da littattafan Malam. Na yi ta addu'a in samu kuskurena. Ban taɓa sanin mutum zai iya roƙon Allah ya kama kansa da laifi ba.

Hannuna bai zame ba. Abin da ke littafi shi ne ke kwamfuta, ɗigo da ɗigo.

Duk ashirin da ukun suna cikin littafi na talatin da ɗaya da na talatin da biyu. Duk a cikin wata goma sha huɗun da suka wuce aka auna su.

Na ga wani abu a shafi na hamsin da takwas. Ba yau zan rubuta shi ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Na sake buɗewa. Yana nan.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 11:15 na safe

To. A shafi na hamsin da takwas, lambar tauraro daidai ce, amma alƙaluman da ke ƙarƙashinta na wani tauraro ne da ke shafin baya. An ɗebo rabi daga can, rabi daga nan. In ka haɗa awon taurari biyu a layi ɗaya, dole ka ga kamar ɗaya ne ke rangaji. Haka yake a sauran ashirin da biyun. A sama, wajen kwanan wata, ya rubuta shekarar da ta wuce da shekara goma sha biyu. Rubutun kuwa tsaf, yadda na san shi, bakwai ɗinsa da ɗan sandarta a tsakiya.

Ni na kwafi wannan shafin. Na ga shekarar, na gyara ta a kwamfuta, na ce a raina manya ma suna mantuwa.

Akwai ranar da ya kira ni da sunan wata ɗalibarsa da ta gama tun ina sakandare. Akwai ranar da na same shi tsaye a baranda yana faɗa wai wa ya ba su izinin canza wa ofishinsa wuri. Akwai butar shayi da ta ƙone sau biyu. Duk na yi dariya.

Ɗazu ya leƙo ɗakinmu da fara'arsa, hularsa a karkace, ya ce, “'Yata, mutanen mujallar nan sun amsa kuwa? Ko sai mun mutu?”

Ranar Talata shugaba ya gaya masa komai.

Na ce, “Sun ce a ɗan gyara wasu wurare, Malam.”

Ya ce, “Haka suke. In ba su sa ka gyara waƙafi ba, ba sa jin sun yi aiki.” Ya wuce yana dariya.

Ban faɗa ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Na je gidansu. Na zaɓi lokacin da na san yana barcin rana. Mama, matarsa, ta buɗe mini. Rabona da gidan ya kai wata takwas, kullum na ce zan zo sai ta ce ana fenti, ko suna da baƙi.

Babu fenti. A jikin kowace ƙofa an manna farar takarda da manyan baƙaƙe. BANƊAKI. KICIN. ƊAKINMU. A jikin ƙofar fita an rubuta: KA GAYA MINI KAFIN KA FITA.

Ta ga ina karantawa. Ta ce, “To, kin gani ke nan. Zauna.”

Na ba ta labarin wasiƙar da kwamitin. Ba ta yi mamaki ba, ta dai riƙa murza bakin mayafinta. Ta ce shekara guda ke nan da likita ya faɗa musu. Shi ma yana wurin, ya ji, ya yi kwana biyu ba ya magana, daga baya abin ya fita daga kansa. Ita ke kai shi aiki ta tsaya a mota sai ta ga ya shiga ginin da ya dace. Yaransu na nesa, abin da take gaya musu a waya kawai suka sani.

Ta ce, “Wata uku ya rage ya ajiye aiki. Wata uku kacal. Za su yi masa taro, ɗalibansa za su zo daga ko'ina. Ki bar shi ya fita da ƙafarsa, kada a fitar da shi.”

Na ce, “Mama, cewa za su yi ni na ƙirƙira.”

“Ki ce kuskure ne wajen kwafa. Wa ba ya kuskure? Ke yarinya ce, gabanki da tsawo. Shi kuwa sunan nan kaɗai ya rage masa, shi ma ba kullum yake tuna shi ba.”

Ta kama hannuna da hannu biyu. Ba ta tuna mini komai ba, ba ta ma buƙata. Na san wanda ya tsaya a taron sashe lokacin da nake da cikin Auta, aka ce a ba wani gurbina, ya ce in an cire ni shi ma a cire shi. Na san wanda ya riƙa jijjiga Auta a kafaɗarsa yana zagaya ofis ina rubuta jarrabawa.

Na ce zan yi tunani. Ta ce Allah ya yi mini albarka, kamar na riga na amsa.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na gaya wa maigida. Tun kafin in kai ƙarshe ya buɗe baki zai faɗi sunan abin, yana ganin irinsa kullum a wurin aiki. Na ce kada ya faɗe shi a gidan nan.

Ya ce, “Ko na faɗa ko ban faɗa ba, ba warkewa zai yi ba. Ki ɗauki littattafan nan biyu ki ajiye a gaban kwamiti.”

“Mutumin nan ubana ne.”

“Ubanki ne, ban musa ba. Amma kuskuren kwafa a taurari ashirin da uku, duk kuma su karkata gefe ɗaya? Wa zai yarda? Ko ni da ba na bambance tauraro da fitilar jirgi ba zan yarda ba. Korar ki za su yi. Auta ta girma ta ji an ce uwarta ce ta ƙirƙiri taurari.”

Na ce ba shi da tausayi. Ya ce tausayin nasa ne ya ƙare a kaina. Ya ɗauki Auta suka fita, na zauna ina kallon kwanukan da ban wanke ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 10:40 na safe

An cire sunana daga allon masu gabatar da bincike. Ba a goge da kyau ba, ana ganin inuwarsa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Na shiga ɗakin shan shayi, hira ta mutu. Wani ya fara yabon sabon firinta da ƙarfi.

An rufe mini hanyar shiga ma'ajiyar bayanai, wai ƙa'ida ce. Saura kwana tara.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Na rubuta wa kwamiti wasiƙa. Layi bakwai. Na ce ni na haɗa layukan wajen kwafa saboda gajiya da gaggawa, malamina ba shi da hannu. Na karanta ta a bayyane a kicin, muryata ta fito kamar ta mai karanta sanarwar rasuwa.

In sun ce in kawo littattafan fa? Sai in ce sun ɓata? Daga ƙarya ɗaya na shiga ta biyu tun ban fita daga gida ba.

Wasiƙar tana cikin jakata. Ban nuna wa maigida ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Malam ya sake leƙowa ya tambayi mujalla. Na ce ana kan gyara.

Ban faɗa ba. Ban faɗa ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 3:20 na yamma

Injiniya, mai kula da na'urorinmu, ya same ni a ɗakin ajiya na tasa littafi na talatin da ɗaya a gaba. Ya fi kowa daɗewa a ginin nan in ban da Malam, kuma bai iya sakaya magana ba.

Ya ce, “Malama, in kallo na gyara rubutu, da yanzu ya gyaru.”

Na rufe littafin. Ya jawo kujera ya zauna.

“Watan jiya sau uku ya zo neman makullin ɗakin madubin hangen taurari, makullin na hannunsa. Kin zaci ke kaɗai ke da ido? Shugaba ya gani. Sakatariya ta gani. Kowa ya gani ya kau da kai, don babu mai son ya zama shi ya fara faɗa. Yanzu sun samu wadda za ta ɗauke musu.”

Na ce Mama ta roƙe ni in ɗauki laifin.

“Kin ji ta bakin matarsa, kin ji na shugaba, na san kin ji na mijinki. Mai littafin fa? Shekara talatin ina aiki da mutumin nan. Ya taɓa sa ni kwance na'ura gaba ɗaya, kwana huɗu, saboda awo ya kauce da abin da bai kai gashin ido ba. Kina ganin zai gode miki in kin yi ƙarya a kan alƙalumansa?”

Na ce ko na gaya masa zai manta.

Ya ce, “Ki same shi da safe. Kafin ƙarfe goma shi ne dai Malam ɗin da kika sani.”

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Ciwon kai tun jiya. Auta ta zana mini rana da ƙafafu, ta ce tana zuwa makaranta.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Dole in rubuta yanzu.

Ƙarfe takwas da kwata na ƙwanƙwasa ƙofar ofishin Malam. Yana zaune yana fere fensir da reza, kamar kullum. Na gaishe shi, na ajiye wasiƙar mujalla, na buɗe shafi na hamsin da bakwai da na hamsin da takwas a gabansa. Na ce, “Malam, ina so ka duba mini wani abu.”

Ya karanta wasiƙar, fuskarsa ta ɗaure. Ya jawo littafin, ya sa yatsa a layi na farko, ya koma shafin baya, ya dawo. Bai yi minti biyu ba ya gano abin da ya ɗauke ni kwana uku.

Ya buga tebur. “Wane sakarai ne ya yi wannan? Ya ɗebo awon wannan ya zuba wa wancan! Ɗan aji ɗaya ba zai yi haka ba. Wa ya taɓa mini littafi?”

Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da ido kan shafin. Na ga lokacin da ya gane rubutun. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ɗauki fensirin ya rubuta bakwai a gefen takarda, ya daɗe yana kallonta kusa da waccan.

Ya ce a hankali, “Guda nawa?”

“Ashirin da uku.”

“Saura nawa ke nan?”

“Ɗari da tamanin da tara.”

Ya yi lissafin a ka, leɓensa na motsi. “Arba'in da shida cikin ɗari.” Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. “Ashe mutanen nan sun fi ni gaskiya.”

Sai ya ce, “Me ya sa ba a gaya mini ba?”

“An gaya maka, Malam.”

“Yaushe?”

“Mako biyu ke nan. Shugaba ne ya gaya maka.”

Ya tambayi wa ake tuhuma. Na ce ni. Ya tambayi me na shirya gaya musu. Ban san abin da ya sa ba, na ciro wasiƙata mai layi bakwai na miƙa masa. Ya karanta. Tunda nake da shi bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

“Ni na koya miki wannan?”

Na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Bai rarrashe ni ba. Ya yaga wasiƙar biyu ya jefa a kwando, ya jawo farar takarda ya fara rubutu. Shafi ɗaya da rabi, bai tsaya ba sai sau ɗaya, da ya tambaye ni kwanan wata da shekara. Ya ce in kira Injiniya ya sa hannu a matsayin shaida. Injiniya ya zo, ya karanta, ya sa hannu, bai yi wasa ko ɗaya ba.

Malam ya ninke takardar ya ba ni tare da littattafan biyu.

“Ki kai wa shugaba yanzu. Ba anjima ba. Kada ki bar ta a teburin nan. Gobe zan iya samunta in ce wani ne ke son ɓata mini suna.”

Na kai ƙofa ya ce, “'Yata. Uwarku ta sani?”

Na ce ta sani.

Ya gyaɗa kai. “Ta sha wahala ke nan.”

Na kai. Shugaba ya karanta a tsaye, ya juya ya fuskanci taga, ya ce in tafi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Mama ta kira. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, “Na roƙe ki.” Ta kashe.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 11:50 na safe

Malam ya zo aiki. Ya tarar babu littattafansa biyu a kan kanta, ya fito baranda yana tambayar wa ya ɗauka. Injiniya ya ce an kai ɗauri, bangon ya saki. Ya ce to a gaya wa mai ɗaurin ya yi hankali da shafukan.

Na shige banɗaki na kulle har sai da na ji tafiyarsu ta yi nisa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 5:10 na yamma

Awa biyu da rabi. Mutum uku a bayan dogon tebur, littattafan a tsakiya.

Sun yarda ban ƙirƙiri komai ba. Amma wata farfesa daga sashen lissafi, mai ƙaramar murya, ta buɗe shafi na hamsin da takwas ta ce, “Kin ga shekarar nan lokacin da kike kwafa?”

Na ce na gani.

“Kika yi me?”

“Na gyara.”

“Ba ki tambayi kanki abin da ya sa mutum zai yi kuskuren shekara goma sha biyu ba? Ba ki sake auna ko tauraro ɗaya da kanki ba?”

Na ce ban yi ba. Ta ce me ya sa. Na ce don Malam ne. Ta rubuta wani abu.

Wannan tambayar ta fi duk abin da aka yi mini a makonnin nan zafi, don ita ba ƙazafi ba ce.

Za a ba ni takardar gargaɗi. Za a janye takardar daga mujalla. Zan sake auna duk abin da aka auna a shekara biyun nan da hannuna, kare kundi sai bayan wata shida. Malam zai tafi hutun rashin lafiya daga gobe. Ba wanda ya ambaci taron sallama.

Maigida na jira a bakin ƙofar makaranta. Bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mini ruwa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 10 na safe

An buɗe mini ma'ajiyar bayanai. An kulle ofishinsa. Na fara daga tauraro na ɗaya.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na kira Mama sau uku a makon nan. Ba ta ɗauka.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Jiya da yamma saƙo ya shigo daga wayarta: “Yana ta nemanki. Ki zo da safe.”

Ta buɗe ƙofa, ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta koma kicin. Yana falo da rigar gida, ya rame. Ya gane ni. Bai tuna wasiƙarsa ba, bai tuna kwamiti ba, a saninsa hutu yake yi saboda hawan jini. Ya ce me na zo masa da shi, ba ya son ziyarar hannu rabbana. Abin da ke jakata kawai shi ne jerin ashirin da ukun. Na ce waɗannan na cire ne, awon rangajinsu bai inganta ba.

Ya bi su da yatsa yana cewa to, to. A na goma sha bakwai ya tsaya.

“Wannan kuma me ya yi miki?”

Na ce ba ya rangaji, Malam, an sake dubawa.

“Wa ke maganar rangaji? Yana da aboki. Da idona na gan shi a tsohon madubi, shekarar da aka haifi babban ɗanmu. Ɗan ƙarami, ja-ja, can nesa ta kudu. Ya yi nisa da yawa, hotunan nan naku na zamani ƙanana ne, a waje za su bar shi. Littafi na huɗu, wajen ƙarshe.”

Na ce to, zan duba. Irin “to” ɗin da ake ce wa marar lafiya. Ya gane, ya harare ni.

Da zan tafi Mama ta rako ni ƙofa. Ta ce jiya ma ya ce mahaifiyarsa na jiransa a tasha, kada in sa maganarsa a rai.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe 3:35 na yamma

Ban yi niyyar dubawa ba. Na shiga ɗakin ajiya neman wani abu daban, littafi na huɗu na nan a layin ƙasa, bangon ya koɗe.

Shafi na uku daga ƙarshe. Zane da fensir: babban ɗigo, ƙaramin ɗigo can ƙasa, kibiya, da nisan da ke tsakaninsu.

Na koma kwamfuta na buɗe sabon awon, wanda mai tantancewa ya kama mu da shi, na faɗaɗa da'irar nema sau goma. Ga shi nan. Ƙaramin jan tauraro ta kudu. Nisansa daga gare mu ɗaya da na babban, tafiyarsu ɗaya, gefe ɗaya suka nufa. Hotona ya yanke shi da kaɗan. Mai tantancewa bai gan shi ba, ni ma shekara huɗu ban gan shi ba.

Na kira Injiniya ya duba, don ban yarda da idona ba. Ya duba ya ce, “Tsohon nan!” ya fita da sauri yana share hanci.

Na mayar da shi cikin jeri. Ɗari da casa'in.

Na kira Mama. Ta ɗauka a bugu na biyu. Na ce ta gaya wa Malam ya yi gaskiya, tauraron na nan inda ya ce.

Ta ce, “Ya kwanta. Ko na gaya masa ba zai san zancen me nake yi ba.”

Ina jin ƙarar famfo a wajenta, sai ta rufe shi.

Ta ce, “Ki zo gobe da safe ki gaya masa da bakinki. In ya manta, ki dawo jibi.”